Tsoho da Taguwatai

Na Allah muke, kuma wurinai za mu koma. Kakana, uban babana, wanda duk Taloka ka ce ma Tsoho har da sa'o'inai, ya riga mu gidan gaskiya wata Laraba da hantsi, ana tsakar shukar gero. Ya sha kununai, ya yi ma matatai, Kaka, ƙorahin tsamiya ta yi yawa, ya jingina da bango, shi kenan. Ko sallama bai yi man ba, ni da muka raba goro ɗaya kullum. Wanga abu ban yahe mai ba tukuna.

Kwana uku muna zaune bisa tabarmi ƙohwar gida. Mutane sun zo daga Goronyo, daga Kagara, daga Boyekai, har Rabah da Wurno. A zo a gaisa, a ce ya haƙuri, a ɗaga hannu a yi mai addu'a. Wannan duk an saba. Abin da ban saba gani ba shi na, in an shahwa addu'a, maimakon mutum shi nemi takalmanai shi kama hanya, sai shi zagaya bayan gida wajen garken awaki. Na hwarko nic ce ko ban-ɗaki shika nema. Na biyu ma haka. Da na biyat yat tashi, sai nib bi shi.

Wurin motar Tsoho suka zuwa.

Tsohuwar jif ta, irin mai cin yashi da laka, Tsoho na ce mata Taguwa. An ce da can kore ta. Ni dai da niy yi wayon sanin launi, launin tsatsa nis san ta da shi. Shekara goma sha ɗaya ba ta motsa ba. Tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da kujerar direba gidan haya, bayanta kuwa nan muka tara buhunan takin zamani na albasa don kar ruwa shi taɓa su. Awaki na jingine da ita dare da rana, suna yi mata abin da awaki ka yi.

Nis samu wani magidanci mai gemu daga Boyekai ya ɗora hannu bisa ƙohwar baya shina sharar hawaye.

Nic ce, "Malam, lahiya? Taki na, ba shinkahwa ba."

Yac ce, "Kai yaro, nan cikin anka haihe ni. Tsakanin garinmu da asibitin Goronyo, ruwa har gindin ƙohwa. Innata ta ce kakanka na tuƙi shina kiran salati, bai waiwayo ba har nig gama kukan hwarko."

Bayan shi sai ga wata dattijuwa, malamar asibiti da tay yi ritaya, Kirista ta, asalinta can wajen Filato. Ta yi addu'arta irin tasu, sannan tat taɓa gilashin da yar rage tana dariya, hawaye na zuba. Tac ce duk damina shi ka kai ta ƙauyukan hwadama yin rigakahi, in sun kahe cikin laka sai shi leƙo shi ce, "Likita, yau ke ag giyar mota, sauka ki tura." Tac ce ta tura Taguwa hiye da yadda tat tura keken marasa lahiya.

Mutum ɗaya na bai matso ba. Wani tsohon Bahillace mai sanda, ƙahwatai ɗaya ta shanye, shina janta. Ya tsaya nesa, ya daɗe shina kallon motar, sannan yaj juya yat tahi. Nit tambayi Gwaggo, 'yar'uwar babana, ko wa na na, tac ce in bar mata kai da tambaya ranar makoki.

Bari in hwaɗa muku wani abu game da Tsoho. Bai yarda da ido ba, tun ma kamin yana ta ruhe mai nashi. Komi anka kawo mai sai ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa ya kasa kunne. Kankana, tulu, ƙyauren ɗaki, sabuwar garma. Maganatai kullum ita ta, "Ƙwanƙwasa ka ji." Ranar da nib bar makaranta daga aji uku na sakandare, gida ya ɗauki zahi, Baba ya rantse ba ni kwana gidanai. Tsoho yak kira ni, yaƙ ƙwanƙwasa man kai sau biyu, yak kasa kunne awa mai sayen kankana.

Yac ce, "Akwai wani abu ciki. Ba boko ba ta, amma akwai."

Nic ce, "Tsoho, naka in an ƙwanƙwasa ƙura ka tashi."

Yac ce, "Ɗan nema, ɓarawon mata. Ka bar zagaya man ɗakin tsohuwa in kana son ka daɗe."

Daren nan ɗakinai nik kwana, kuma shi yas sa baki har Baba yab bar ni nik kama kabu-kabu. Babur ɗin da nika ci da shi yau, da bakin Tsoho nis same shi.

Sai kuma al'adatai ta Juma'a. Kowace Juma'a da sahe, kamin shi yi wanka, sai shi lalubo wani lanƙwasasshen ƙarhe daga ƙarƙashin gadonai, hannun tada inji irin na da. Shi tahi da lalube har gaban Taguwa, shi zura shi, shi juya. Sau ashirin, ko talatin. Injin na wani nishi awa tsohon da ka hawan tudu, ba ya tashi. Sai shi zare, shi shahwa bonet, shi dawo.

In ce, "Tsoho, mi kaka niƙawa? In kawo dawa?"

Shi ce, "Gaisuwa muka yi. Kai wa kag gaida yau?"

Duk gida mun ɗauka ruɗun tsuhwa na. Kowa ya san Taguwa ta mutu, Tsoho da bakinai yac ce ta mutu. Wata sahiya can baya yah hito yac ce inji ya buga, kada wanda yas sake taɓa ta. Masu saye sun zo ya kore su. Masu gyara sun zo ya kore su. In an matsa mai sai shi ce kunnenai bai ji.

Ranar sadakar bakwai, Bappa, yayan babana, babban ɗan Tsoho, yaz zo da ɗan gwangwan, irin masu sayen tsohon ƙarhe su yanka shi su loda ma babbar mota. Mutumin ya zagaya Taguwa shina latsa ta da ƙahwa awa mai tayin akuya. Anka tsai da magana, in an yi rabon gado ranar arba'in, shi zo da abin yankanai.

Gwaggo tac ce, "Ko kabarinai bai bushe ba za ku yanka mai mota?"

Baba yac ce, "To mi za a yi da ita? Ta sha mai awa rijiya. Kayan gyaranta ko Sakkwato sai an sha yawo. Ga babura ko'ina, ga keke mai ƙahwa uku."

Gwaggo tac ce, "Ka taɓa ɗaukar mai naƙuda bisa babur hanyar Boyekai cikin watan ruwa?"

Nic ce ni na taɓa, kuma ban son in ƙara. Baba yad dube ni, nik kama bakina. Bappa dai, na lura ko sau ɗaya bai dubi wajen motar ba. Shi da yak kawo mai saye, bayanai yab ba ta har anka gama.

Gaskiyar Allah, abin da yas sa nish shiga ƙarƙashinta ba son Tsoho ba na. Ƙwai na. Wata zabuwar Kaka na sulalewa can kullum da rana, nic ce kamin ɗan gwangwan shi gaje su bari in riga shi. Nik kwanta rigingine nij ja jiki, nik kunna hitilar waya. Na samu ƙwai tara. Amma da niɗ ɗaga ido sai nim manta da su.

Shasin motar, wato manyan ƙarahunan nan biyu da duk jikinta ka zaune bisa, baƙi ƙirin suke, sun sha baƙin mai har suna ƙyalli. Nit taɓa, yatsana yad dawo da danshi. Ga wani tsumma cushe cikin lungu, nij jawo shi, sai nig ga guntun tsohuwar rigar Tsoho ta, mai ratsin shuɗi. Nim mai da shi wurinai. Daga gaba har tsakiya haka. Daga tsakiya zuwa baya, inda hannun mutum ba ya kai sai ya shige da jikinai duka, nan tsatsa tac ci biki. Ruwan taki na ɗigowa daga bisa, hitsarin awaki daga gehe.

Nan kwance nit tambayi kaina: wane irin mutum na ka shahwa ma gawa mai shekara goma sha ɗaya? Makaho, mai ciwon gwiwa, shina rarrahe cikin kashin awaki lokacin da muke kasuwa?

Washegari nih hau babur sai Rabah, wurin tsohon bakaniken da Gwaggo tac ce shi ka duba Taguwa da can. Nis same shi gindin wata itaciyar bedi, yara na aiki shi shina ba da umurni da sanda.

Yac ce, "Jikan wa? Allahu akbar. Allah shi jiƙan mai taurin kai. Ka san sau uku ina zuwa da kayan aikina in duba motag ga, shina kora ta? Na ukun har ƙasa yaɗ ɗiba yaw watsa man."

Nic ce, "Baba, injin da yab buga, shina juyawa da hannu?"

Yat tsaya da taunar goro. "Wa yac ce maka shina juyawa?"

"Kowace Juma'a."

Yaɗ ɗauki hulatai da ƙaramar guduma yah haye bayana. Duk hanya shina ce man in rage gudu, shi bai shirya bin abokinai ba.

Da munka iso yab buɗe bonet, ɓeraye sunka watse. Yas sa ni juya hannun, shina saurare. Sannan yaɓ ɓalle wani murhi baƙi mai wayoyi, inda wuta ka rabuwa zuwa hulogi, yal leƙa. Sai dariya. Ya yi dariya har ya zauna ƙasa shina tari.

"Babu rota! Ɗan abu na awa murhin kwalba, shi ka juyi nan shina raba wuta. Ba ya hita da kainai, yaro. Hannu yac cire shi. Motag ga lahiyarta lau ranar da anka aje ta."

Sannan yash shiga ƙasa da gudumatai. Gaba, ƙarhe yay yi ƙara tas awa ƙararrawar makaranta. Tsakiya ma haka. Da yak kai baya, guduma tash shige ciki, tsatsa taz zubo mai a huska awa garin barkono. Yah hito shina tohi.

Yac ce, "Wa yas sa mata taki? Ku manoman albasa Allah shi shirye ku. Ko gishiri bai kai taki cin ƙarhe ba. Gaba amarya, baya kushewa. Ana iya yanke bayan a yi mata sabo da walda, ƙasan ma a sa hwarantin ƙarhe. Aiki na ba na kwana bakwai ba, kuma ba na rago ba. In an bar ta damina biyu nan gaba, ko ni ba ni taɓa ta."

Nit tahi ɗakin Kaka. Tana takaba, zaune bisa tabarma da carbi. Kaka in ta gan ni angonta taka ce man, ranar ko ba ta ce ba, ta dai dubi rigata da taɓ ɓaci da baƙin mai.

Tac ce, "Ka shiga ƙarƙashi."

Nic ce, "Ƙwai nib bi."

"Na sani, ɓarawo. Nawa?"

"Shida."

"Tara na. Sauko man da kwallar can ta sama."

Cikin jeren kwanoninta na aure, kwalla ta ƙarshe, ƙarƙashin wani ƙyalle, ga ɗan abu baƙi naɗe cikin leda. Tad danƙa man, sannan tab ba ni labarin.

Da idon Tsoho yah hwara dushewa, sai yam miƙa ma Bappa makulli da sharaɗi guda: a yi aikin gona da ita yadda aka so, amma kada ta kwana wani gari, don ciwo ba ya aiko da saƙo. Bappa ya riƙe haka wata da watanni. Sai wata ranar kasuwa albasa tay yi daraja Wurno, yal loda yat tahi, ciniki yay yi daɗi yak kwana biyu. Ranar ta biyu anka kawo wani makiyayi da maciji yas sara, an ɗauko shi tun daga ruga don an san gidan nan akwai mota. Babu mota. Bisa jaki anka ƙarasa da shi asibiti. Ya rayu, ƙahwar ba ta rayu ba.

Nic ce, "Mai sandan nan."

Tac ce, "Shi. Da Bappanka yad dawo, kakanka bai ce mai ko a ba. Da sahe yaz zare abin ga yab ba ni, yah hita yac ce mota ta mutu."

"To Kaka, bayan nan ai ba a sake ɗaukar kowa ba. Ko mutum ɗaya."

Taj ja carbinta. "Ka ga abin da nika hwaɗa mai kenan har yam mutu. Don hushin kwana ɗaya ya hana mutane shekara goma sha ɗaya. Ya sani. Duk sanda anka wuce da mara lahiya bisa babur ba ya cin tuwo ranar. Amma shi hito shi ce ma ɗiyanai ƙarya niy yi? Kakanka? Sai dai shi rarrahe shi shahwa mata mai. Yac ce man duk wanda yak kwanta ƙasa yad duba cikinta da kainai, in ba shi. Ya yi ta jiran ɗayansu shi duba. Ashe ɓarawon ƙwai shika jira."

Ranar arba'in malam yaz zo rabon gado, anka zauna zaure. Ɗan gwangwan na waje da tukunyar gas ɗinai, har ya hwara kora kaji. Anka lissaho gonaki, da shanu biyu, da rumbu. Da anka zo kan mota, Bappa yac ce a sayar a raba. Sai Gwaggo tash shigo da saƙo daga ɗakin takaba: Kaka ta ce cikin tumuninta, rabon da Allah yab ba matar mamaci, a sa mata Taguwa. A rage mata wani abin, ita dai motar taka so.

Malam yac ce in magada sun yarda, ya halatta.

Baba yac ce, "Inna za ta tuƙa ta zuwa ina?"

Ni ba a tambaye ni ba, jika ba shi da baki wurin rabo. Amma nit tashi nij je tsakar tabarma nid dire rota gaban Bappa. Na shirya jawabi tun da dare, har da inda za ni yi tari. Ban samu yin shi ba.

Bappa ya daɗe shina kallon abin. Yaɗ ɗauka, yaj juya shi cikin tahinai.

Yac ce, "Wurin Inna yake ashe."

Baba yac ce, "Yaya, mi na na wanga?"

"Na sani tun satin. Na buɗe bonet da ba kowa, nig ga babu shi. Na san wa yac cire, na san don mi." Yad dire rota bisa tabarma. "Kullum ina cewa gobe za ni same shi in ce Baba na tuba, ba ni. Shi ko bai kira ni ba. Nic ce in an yanka ta ko na huta da ganinta."

Ni da bakina ba ya zama, ranar nan ya zauna. Mutum biyu cikin gida ɗaya, suna cin tuwo kwano ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwanai shi hwara magana, har tsatsa tac cinye rabin mota, ƙasa tac cinye ɗaya daga cikinsu.

Bappa yat tashi yat tuɓe babbar rigatai, hwara sol, yam miƙa ma Baba. Munka bi shi bayan gida. Mutum mai shekara sittin da tumbi, yak kwanta cikin kashin awaki yaj ja jiki ƙarƙashin Taguwa. Munka ji shina ƙwanƙwasa ƙarhe da gaɓar yatsa, nan da can. Sai ƙwanƙwasar tat tsaya. Ina jin tsumman rigar yag gani. Ya daɗe bai hito ba, kuma ba wanda yac ce mai shi hito.

Da yah hito yac ce ma ɗan gwangwan shi yi haƙuri, Allah shi ba shi wani. Yac ce da ni, "Kai, mara kunya, kwashe takin nan yau. Gobe ka ɗauko tsohon nan na Rabah."

Yanzu wata na uku kenan. An mai da garke can gehen rumbu, awaki na hushi da ni. An yanke bayan motar, mai walda na zuwa daga Goronyo duk ranar da yag ga dama. Tayoyi biyu mun samu, biyu muna nema. Baba har yau cewa shika yi aikin banza muka yi, kuma wata rana in na kwana ina kankare tsatsa da burushin waya nakan ce ko shi ad da gaskiya. Kaka ta ce in Taguwa ta tashi ni za ni riƙe makulli, da sharaɗin nan dai na da. Bappa ka koya man sa giyar mota, motar na tsaye bisa duwatsu muna tuƙi da baki.

Juma'ar da taw wuce munka sa rota, munka aro batir, munka ɗura mata mai cikin galan. Bappa yak kama hannun nan na Tsoho yaj juya. Sau ɗaya, sau biyu. Na bakwai Taguwa tay yi tari, tat tohar da baƙin hayaƙi da gidan ɓera guda, sannan tak kama ruri har bangon gida na rawa. Kaji sunka haye katanga. Yara sunka sheƙo daga ko'ina. Gwaggo tah hito tana kuka tana guɗa lokaci ɗaya, tac ce Kaka ta aiko: a rage mata wuta, mai ita, Tsoho, bai son a matsa mata da sahe.

Tsoho, ka yi ƙarya guda mai tsawon shekara goma sha ɗaya, kuma ni nik kama ka, sai ka san yadda za ka yi da ni in mun gamu. Allah shi yahe maka ita, shi dubi waɗanda kaɗ ɗauka cikin ruwa da laka, shi sanyaya makwancinka. Ta tashi, amma ba ta taka ba tukuna. Ranar da tat taka, na riga na tambayi inda rugar mai sandan nan take. Can za mu hwara zuwa, ni da Bappa, mu tambaye shi ko akwai inda shika son a kai shi.